Tsakanin Walƙiya Da Tsawa: Nazari Kan Hadarin Damina A Ƙasar Hausa

Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce duba kalmomin da Bahaushe ke amfani da su game da hadari, a gwada su da abin da binciken kimiyya ya tabbatar. Dalili kuwa shi ne, kusan kowace damina akan yi asarar manoma da makiyaya da dabbobi, alhali ɗan lissafi kaɗan zai iya rage wannan asara.

Lokacin Hadari

A yankin Kano da Katsina damina takan kama daga wajen watan Mayu zuwa Satumba. Iska mai danshi daga Tekun Atlantika takan haɗu da busasshiyar iskar hamada, zafin rana kuma ya ɗaga danshin sama ya zama gizagizai masu tsawo. Galibin waɗannan hadura daga gabas suke tafiya zuwa yamma, shi ya sa manomi ke duban gabas in ya ji iska ta juya.

Kalmomin Da Ma'anarsu

Hausa ta rarrabe al'amarin daki-daki. Walƙiya ita ce hasken, tsawa ita ce ƙarar da ke kusa, cida kuwa rugugin nesa. Aradu, wadda aka aro daga Larabci, da kwarankwatsa su ne masu faɗowa, har ana rantsuwa da su. Akan ce "tsawa ta faɗa masa", wasu ma kan nuna gatarin aradu, wanda masana tarihi suka gano gatarin dutse ne na mutanen da.

A kimiyyance, duk waɗannan abu guda ne. Wutar lantarki ce ke taruwa cikin gajimare, sa'an nan ta keto iska. Zafinta yakan kai kimanin digiri 30,000, watau ninki biyar na zafin fuskar rana. Iskar da ta ratsa takan buɗe farat ɗaya, ƙarar buɗewar ita ce tsawa. Ke nan wutar da aka gani ita ke kisa, ƙarar labari kawai ta kawo.

Auna Nisan Hadari

Haske yana tafiyar kilomita 300,000 a daƙiƙa guda, amo kuwa sai ya yi daƙiƙa 3 kafin ya ci kilomita 1. Saboda haka in an ga walƙiya sai a ƙirga daƙiƙoƙi har a ji tsawa, a raba da 3. Alal misali, daƙiƙa 15 na nufin kilomita 5. In tazarar tana raguwa, hadari na matsowa. In ta sauko daƙiƙa 30, watau kilomita 10, lokacin neman mafaka ya yi, ko da ba a fara yayyafi ba.

Masana yanayi su ma bin sawun walƙiya suke yi, amma da na'ura. A Disamba 2022 Turai ta harba sabon tauraron ɗan Adam na Meteosat, mai ɗauke da na'urar da ke ɗaukar hoton walƙiya a sararin Afirka dare da rana. A Nijeriya, hukumar NiMet ke bayar da gargaɗin hadari.

Kariya A Fili

Masu iya magana kan ce rigakafi ya fi magani. Gindin bishiya, inda aka saba fakewa, yana cikin wurare mafi hatsari, domin wutar kan bi dogon abu ta sauko, ta bazu cikin ƙasa. Wannan bazuwa ce ke kashe garken shanu a tashi ɗaya. Rumfa da bukkar gona ba su kariya. Mafaka ita ce ginin kirki, ko mota mai jikin ƙarfe a rufe. Wanda ke kogi ko tafki ya fito, na kan tudu ya sauko, taron 'yan gayya kuma su warwatsu maimakon su dunƙule. Bayan tsawar ƙarshe a dakata minti 30 kafin a koma aiki.

Har ila yau, wanda tsawa ta faɗa wa ba ya riƙe wuta a jikinsa. A taɓa shi ba tsoro, in zuciyarsa ta tsaya a riƙa danna ƙirjinsa, a garzaya da shi asibiti.

Kammalawa

An ga cewa Hausa ta ba haske da ƙara sunaye daban, kimiyya kuma ta nuna tazarar da ke tsakaninsu ma'auni ce. Ya rage ga ɗaliban harshe su mayar da wannan lissafi cikin Hausar da manomi zai ji a rediyo, da wadda yaro zai karanta a firamare.