Amsoshin Tambayoyinku: Daga Motar Kara Zuwa Ƙaramin Jirgin Ruwa

TAMBAYA: Ni manomi ne a ƙasar Ɗambatta. Ɗana mai shekara 14 gwani ne wajen haɗa motar kara. Kwanan nan ya ga hotunan ƙananan jiragen ruwa na katako irin na dā da tankokin yaƙi a waya, ya dage sai ya yi irinsu. Ba ni da halin sayo kayan Turawa. Zai yiwu da abin da ke hannunmu? Kuma ba ɓata lokaci ba ne?

AMSA: Allah ya raya mana shi. Zai yiwu ƙwarai, kuma rashin kuɗi ba zai hana ba. Tsakanin 1793 da 1815, sojojin ruwan Faransa da Ingila ta tsare a matsayin fursunonin yaƙi sun riƙa sassaƙa ƙananan jirage da ƙasusuwan naman da ake ba su, suna sayarwa. Har yau ayyukansu na nan a gidajen tarihi ana kallo.

Abin da ya raba motar kara da aikin da yaron ya gani shi ne awo. Mai motar kara da ido yake aiki, in taya ta yi wa mota girma ba mai tuhumarsa. A wannan fanni kuwa, lamba ɗaya ake zaɓa a raba kowane sashe na abin da ita, tun daga tsawonsa har zuwa ƙofa da taga. Masu haɗa motocin soja sun fi amfani da awon 1:35, wanda kamfanin Tamiya na Japan ya yaɗa tun farkon shekarun 1960. A wannan awo, tankar yaƙi mai tsawon mita 7 za ta dawo santimita 20. Saboda haka abin da za ka fara saya masa shi ne rula da fensir da littafin zane. Kada ya yanka komai sai ya zana shi ta gefe, ta sama da ta gaba, ya rubuta awon kowane sashe.

Shawarata kada ya fara da manyan jiragen Turawa. Jirgin yaƙin Ingila mai suna Victory, wanda aka saka a ruwa a 1765 kuma yake ajiye a Portsmouth, yana da bindigogi sama da 100 da igiyoyi birjik. Ƙwararru ma sukan shekara a kan ƙaraminsa. Muna da namu a gida. A 1987 wani makiyayi yana haƙa rijiya kusa da ƙauyen Dufuna a jihar Yobe ta yanzu, ya ci karo da kwalekwalen da masana suka ce ya kai kimanin shekara 8,000, ba a san wanda ya girme shi ba a Afirka. Tsawonsa mita 8.4 ne, daga gungume ɗaya aka fafe shi. A awon 1:20 zai zama santimita 42, faɗinsa kamar santimita biyu da rabi. Guntun katako mai laushi daga wurin kafinta da wuƙa mai kaifi sun isa. In ya gama wannan, ka kai shi madatsar ruwan Tomas ya nemi izinin masunta ya auna jirginsu da tef. Abin da ya auna da hannunsa zai fi zauna masa a kai fiye da hoton waya.

Daga nan sai ya koma kan haɗa jirgi mai haƙarƙari. Ana fara kafa ƙashin bayan jirgin, a jera masa haƙarƙari na kwali mai kauri ko falankin silin, sannan a bi da siraran katako ɗaya bayan ɗaya, dama da hagu a tare don kada jikin ya karkace. A nan karan dawa yake da rana. Ɓawonsa, in an tsaga shi siri-siri aka jiƙa a ruwan zafi, yana lanƙwasuwa ba tare da ya karye ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Totuwar kuma ta yi ganguna da akwatuna. Farin gam na kafintoci ya fi mai kamawa nan take, don yana ba da damar gyara. Tsinken tsire ya yi turakun jirgi, zaren ɗinki da aka goga wa kakin zuma ya yi igiya. Na san a wajenku kara ba abin banza ba ne, ga danni ga girki ga dabbobi, amma dami guda zai kai shi wata da watanni. A zaɓi busasshe wanda ƙwaro bai huda ba, a shafe aikin da fenti, a ɗaga shi daga ƙasa saboda gara.

Motocin soja sun fi sauƙi, tunda yawancin jikinsu miƙaƙƙe ne: kwali, gwangwani da robar tsohon silifa. Zai iya gwada Ezugwu, motar sulken da aka haɗa a Kaduna aka ƙaddamar a 2019. Amma ka ja masa kunne sosai: kada ya kuskura ya ɗauki hoton motar soja a shingen bincike ko bakin bariki. Ya tsaya ga hotunan da jaridu suka buga. Mutum-mutumin sojoji da Turawa ke jerawa kusa da motocin kuwa ba dole ba ne. Jirgi da mota ba masu rai ba ne, malamai ba su hana surarsu ba.

Batun ɓata lokaci, ni ban yarda ba ko kaɗan. Yaron da ya raba mita 8.4 gida 20 don buƙatar kansa ya fahimci lissafin da ake fama da ɗalibai a kai a aji. Jelani Aliyu, wanda ya tashi a Sakkwato, da zane ya kai kamfanin General Motors na Amurka har ya fitar da surar motar Chevrolet Volt. Ka dai tsara masa lokaci, bayan makaranta da Islamiyya da aikin gona, ka kuma sa ido a kan reza saboda ƙannensa. In lokacin jarrabawar shiga Kwalejin Kimiyya ta Dawakin Tofa ya zo, ka daure ka saya masa fom.