Hukuncin Gidan Haya Idan Ruwa Ya Ɓata Shi

An shirya wannan darasi domin uwayen ƙasa da malamansu na ƙasar Gwandu, musamman na Mungadi da sauran garuruwan Maiyama da Jega da Aliero. A da baƙo yakan sauka wurin fatoma, ko a ba shi aron ɗaki. Amma tun da aka kafa Jihar Kebbi cikin 1991, aka kuma kafa jami'a a Aliero cikin 2006, ma'aikata da ɗalibai sun yawaita, haya ta zama sana'a. Da ruwan Agusta ya kankama, soro ya soma yoyo, ko bango ya jiƙa ya tsage, sai ƙara ta iso ƙofar uban ƙasa. Ɗan haya ya ce a gyara, mai gida ya ce ba hali.

Aikin uban ƙasa a nan sulhu ne, yanke hukunci na kotu ne. Duk da haka ba ya iya sulhu nagari sai ya san abin da alƙali zai duba idan maganar ta je gabansa. Littafin da alƙalan Malikiyya suka fi dogara da shi, watau Muhtasar na Shehu Halil, ya raba ɓarnar gidan haya kashi uku.

Na fari, ɓarnar da ba ta rage amfanin gida da kome ba, kamar zankon soro ya faɗi. Wannan ba ta rage kuɗin haya. Na biyu, ɓarnar da ta rage amfani amma ana iya zama, kamar ɗaki ɗaya ya rushe. Nan sai a rage haya gwargwadon abin da ya tafi. Ga misali, gida mai ɗaki huɗu daidai wa daida, an kama shi Naira 120,000 a shekara, ɗaya ya faɗi bayan wata shida: za a sauke wa ɗan haya Naira 15,000. In ɗakunan ba daidai suke ba, sai masana gini su ƙimanta.

Na uku shi ne ya fi kawo gardama, watau ɓarna mai cutarwa, kuma yoyon rufi shi ne misalin da littafin ya kawo. A nan ɗan haya yana da zaɓi. In ya so ya warware hayar ya tashi, a mayar masa da kuɗin watannin da bai zauna ba. In kuwa ya zaɓi zama cikin yoyon, to, haya cikakkiya ta hau kansa. Mutane da yawa ba su san wannan ba, sukan zauna su riƙe kuɗi suna cewa sai an gyara, bashi yana ta taruwa a kansu.

Shin ana tilasta wa mai gida gyara? Maganar da ta shahara, wadda aka samo daga Ibnul Ƙasim almajirin Imam Malik, ita ce ba a tilasta shi. Wasu malaman mazhabar sun ce a tilasta, kuma lalle maganarsu tana da ƙarfi ga mai iyali da ba shi da inda zai nufa tsakiyar damina. Amma idan mai gida ya gyara kafin ɗan haya ya fita, zaɓin ya faɗi, sai ya cika wa'adinsa.

Kada ɗan haya ya kira magini da kansa ba da izni ba. In ya yi haka ana ɗaukarsa mai kyauta, abin da zai samu kawai shi ne kimar azara ko kwanon da ya sa, a matsayin kayan da aka cire. Ladan magini da kuɗin yaɓe sun tafi ke nan. Hanyar da ta halatta ita ce a yi sharaɗi tun farko cewa gyara da yaɓe za su fito daga cikin kuɗin hayar da ya riga ya wajaba. Sharaɗin cewa ɗan haya zai riƙa gyara daga aljihunsa kuwa ɓatacce ne, domin ba wanda ya san iyakar abin da zai ci.

Saboda haka idan ƙara ta zo, malamin uban ƙasa ya rubuta ranar da ruwa ya fara shiga, da ranar da aka gaya wa mai gida, da sunayen shaidu biyu. A aika magini tare da wakilin hakimi su ga wurin, su faɗi ko tsufan gini ne, ko kuwa ɗan haya ne ya bar indararo ya toshe, don wanda ya yi sakaci shi ke da ramuwa. Abin da aka shirya a kai a rubuta shi takarda biyu, kowa ya sa hannu ya riƙe ɗaya.

In sulhu ya ƙi, a tura su kotu da takardar. Kafin nan a gargaɗi mai gida kada ya kware rufi ko ya fitar da kayan ɗan haya waje, gama fitar da mutum daga gidan haya sai da umurnin kotu.