DARASI: Mai shanyewar ɓarin jiki da kyamarar da aka ɓoye masa



Darasinmu na yau ya ɗan kauce daga abin da muka saba, amma ina roƙon ku karanta har ƙarshe, domin da wuya a samu zuri'ar da wannan ciwo bai taɓa ba.

Akwai wani dattijo da ke sallah a bayana a nan Sakkwato, tsohon malamin makaranta ne. Na nemi izininsa kafin in yi wannan rubutu, ya yarda da sharaɗin ba zan faɗi sunansa ba. Tun shekarun 1980 yake da sha'awar ɗaukar hoto, kuma bai taɓa mayar da ita sana'a ba. Ya fara da Yashica mai fim, daga baya ya sayi Canon. Abin da yake ɗauka shi ne gulbi, fadama, tsofaffin gine-gine da raƙuma a kara. Har yau yana da hotunan ambaliyar watan Satumba na 2010, wadda ta yanke hanyar jami'a ta wajen Kwalkwalawa.

Wajen shekara biyu da suka wuce, ya tashi da asuba zai yi alwala, sai buta ta kuɓuce masa daga hannun dama, baki ya karkace, magana ta sarƙe. An kai shi asibiti, Allah Ya sa da sauran kwana. Bayan 'yan watanni na je duba shi, na tarar da shi kwance ya juya wa ƙofa baya. 'Ya'yansa sun naɗe kyamarar sun ɗora a kan wadirob, wai kada ya riƙa ganinta ransa yana ɓaci. Na ce, "Baba, ina kyamara?" Ya ce, "Liman, mi za ni yi da ita? Hannun da ka latsa ta ya mace. Kuma ni yanzu sai istigfari, wasa ya ƙare."

Magana biyu ya yi a nan: ɗaya kan jiki, ɗaya kan addini. Su ne za mu duba.

1. MENE NE WANNAN CIWO?

Mutane suna kallon hannu da ƙafa, amma asalin ciwon a ƙwaƙwalwa yake. Iri biyu ne. Ko dai hanyar jini ta toshe, wani sashe na ƙwaƙwalwa ya rasa jini, ko kuma hanyar ta fashe, jini ya zuba a ciki. Ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa shi ke sarrafa ɓarin dama na jiki, kuma a mafi yawan mutane nan ne cibiyar magana. Shi ya sa Baba ya rasa hannun dama, maganarsa kuma ta yi nauyi a lokaci guda.

An yi wani babban bincike mai suna SIREN a asibitocin Najeriya da Ghana, har da na Kano da Zariya, Farfesa Mayowa Owolabi na Jami'ar Ibadan yana cikin jagororinsa. Sakamakon da aka buga a 2018 ya nuna hawan jini ne kan gaba nesa ba kusa ba a cikin abubuwan da ke jawo wannan ciwo a tsakaninmu, kuma kusan kashi ɗaya cikin uku na marasa lafiyar irin na fashewar jijiya ne ya same su. Ciwon suga, yawan gishiri da ƙarancin cin ganye suna cikin abubuwan da aka lissafa. Ga mu kuwa a garin da zogale da rama da alayyafo suke a bakin kowace kasuwa.

Na san da yawa daga cikinmu da zarar sun ga baki ya karkace sai a ce shafar aljanu ce ko jifa. Ni liman ne, ina yi wa marasa lafiya addu'a, kuma ba zan daina ba. Amma addu'a a cikin mota ma ana yin ta, a kan hanyar asibiti. Neman magani yana cikin abin da addini ya umarce mu da shi.

2. SA'O'IN FARKO

Ku haddace alamomi uku: fuska ta karkace, hannu ko ƙafa ta saki a ɓari ɗaya, magana ta sarƙe. Ko ɗaya aka gani farat ɗaya, a kama hanya nan take zuwa babban asibiti da ke iya ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa, irin Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo. Ko da alamar ta wuce bayan 'yan mintuna, a tafi, domin sau da yawa gargaɗi ne. A riƙe lokacin da abin ya fara, likita zai tambaya. Maganin narkar da gudan jini, a inda ake da shi, yawanci cikin awa huɗu da rabi na farko ake bayar da shi.

Abu biyu kada a yi. Kada a ɗura masa ruwa, rubutu, kunu ko wani jiƙo, saboda ciwon yakan taɓa haɗiya, abin ya bi ta huhu ya zama wata cutar. Kuma kada a ba shi asfirin kafin a yi hoto, domin idan irin na fashewa ne, zai iya ƙara zubar jinin.

3. BAYAN AN SALLAMO SHI

A nan ne mafi yawan gidaje suke kuskure, kuma da kyakkyawar niyya. Sai ka ji ana cewa, "Baba zauna, kada ka wahala." A ba shi abinci a baki, a sa masa riga, a ɗauko masa komai. Wata uku sai hannun da ke ɗan motsi ya daina gaba ɗaya.

Likitoci sun tabbatar ƙwaƙwalwa tana iya sake koyo. Sassan da suka tsira sukan ɗauki wani ɓangare na aikin sashen da ya lalace, amma sai da maimaitawa, kamar yadda yaro ke tilawa har karatu ya zauna. An fi samun ci gaba cikin sauri a watanni uku zuwa shida na farko, sai dai ƙofar ba ta rufewa bayan haka. Hannun da aka daina ba shi aiki kuwa, ƙwaƙwalwa takan saba da rashinsa.

Matsalar ita ce atisayen da masu gashin ƙashi ke bayarwa yana da gundura. Ɗaga hannu, sauke, matsa ƙwallo, saki. Mutum zai yi sati biyu ya gaji. Amma idan motsin yana cikin abin da ransa ke so, zai maimaita shi sau ɗari bai sani ba.

Sannan akwai ciwon zuciya da ba a gani. Kimanin mutum ɗaya cikin uku da suka tsira daga wannan ciwo sukan shiga matsananciyar damuwa: ba ya son magana, ba ya son fita, abinci ya fita ransa, yana ganin ya zama nauyi. Kada mu yi saurin cewa imaninsa ne ya yi rauni. Cuta ce da ke da magani, a faɗa wa likitansa. Baba ya daina zuwa jam'i a lokacin, ba don ya kasa ba, kunyar a gan shi yana jan ƙafa ce ta hana shi.

4. TO, HUKUNCIN HOTON FA?

Na san wannan tambaya tana bakin wasunku tun daga sakin layi na farko.

Kyamara haske take kamawa. Ibnul Haisam, wanda aka haifa a Basra wajen 965 ya rasu a Alƙahira wajen 1040, mai littafin Kitabul Manazir, ya yi bayanin yadda haske ke shiga ta ƙaramar kafa cikin ɗaki mai duhu, ya fito da surar abin da ke waje. A kan wannan ƙa'ida kyamara take aiki.

Da hoton kyamara ya yaɗu, malamai sun saɓa kan ɗaukar abu mai rai. Shaikh Muhammad Bakhit al-Muɗi'i, Muftin Masar da ya rasu a 1935, ya rubuta risala yana halatta shi, hujjarsa ita ce tsare inuwa ne, ba ƙirƙirar sura da hannu ba. Wasu kuma, irin su Shaikh Ibn Baz, sun hana sai da larura, kamar hoton fasfo da katin shaida. Kowane ɓangare yana da hujjojinsa, kuma ba yau za mu warware wannan ba.

Abin da ya shafi Baba shi ne: ɓangarorin biyu duka ba su hana ɗaukar abin da ba shi da rai ba. Gulbi, bishiya, gini, gajimare, faɗuwar rana, gonar albasa. Wanda ya bi ra'ayin hani ma yana da filin da ba zai iya ƙure shi ba.

Akwai ladubban da ba saɓani a kansu. Ba a ɗaukar mutum ba da yardarsa ba. Ba a ɗaukar tsiraici. Ba a ɗaukar gawa ko wanda ya yi hatsari a watsa, wannan mummunar ɗabi'a da ta zama ruwan dare a wayoyinmu. A wurare irin su Hubbaren Shehu da fadar Sarkin Musulmi, a tambayi masu kula da wurin tukuna.

Game da cewa "wasa ya ƙare", na ce masa, "Baba, istigfari ai da baki da zuciya ake yi, kyamara ba ta hana shi. Halal ɗin da zai tayar da kai daga katifa ya kai ka ƙofar gida, gobe ya kai ka masallaci, in ka kyautata niyya ina fatan har lada za ka samu." Ya yi shiru, sannan ya ce, "To, a sauko min da ita."

5. YADDA YA KOMA

Ga matakan da aka bi, bayan an shawarci mai yi masa gashin ƙashi. Duk wanda zai gwada, shi ma ya fara da tambayar nasa likitan.

Na ɗaya, an fara da waya. Kusan duk kyamarori an ƙera su ne don hannun dama, mariƙi da madanni duk a dama suke. Waya kuwa ba ruwanta. A yawancin wayoyi, madannin ƙara sauti yana ɗaukar hoto, don haka da hannun hagu kaɗai ana iyawa.

Na biyu, maganin rawar hannu. Ana saita agogon kyamara ta ɗauka da kanta bayan 'yan daƙiƙu, sai mutum ya latsa ya natsu. Ana jingina gwiwar hannu a kan katanga ko hannun kujera. Daga baya ɗansa ya sayo mariƙi mai ƙafa uku da ɗan rimot, sai aka dawo da Canon ɗin. Igiyarta kullum tana wuya ko a ɗaure, don kada ta faɗi.

Na uku, an ba hannun dama aiki. Wannan shi ne mafi muhimmanci. Da farko tallafe ƙasan wayar kawai yake yi. Daga nan riƙe murfin gilashi, daga nan goge shi da ƙyalle. Ba wanda ya yarda ya karɓe masa, ko da zai ɗauki minti biyar.

Na huɗu, an fara daga tsakar gida. Inuwar dogon yaro a jikin bango, randa, tsohuwar ƙofar zaure. Hotunan satin farko duk a karkace suke, wasu ba a gane komai. Ya yi fushi ya ajiye kwana uku, sannan ya sake ɗauka.

Na biyar, lokaci. Kun san zafin Sakkwato daga Maris zuwa Mayu, ma'auni yakan haura 40. Mai wannan ciwo yana saurin gajiya, kuma ƙishirwa ba ta yi masa kyau. Fitarsa bayan asuba ce zuwa hantsi, ko bayan la'asar, kuma dama a lokutan nan haske ya fi kyau a hoto. Rabin awa ya isa. Da ruwansa, da kujerar roba, da jikansa a gefe. Ba ya tuƙi, Keke Napep ke kai su.

Na shida, ido. Wasu ciwon yakan ɗauke musu rabin abin da suke gani ta gefe ɗaya, su da kansu ba su lura ba. Idan ana yawan yanke gefe guda a hoto, ko ana yawan karo da ƙofa, a sanar da likita.

6. GARE KU IYALAI

Ba kowa ne mai kyamara ba. Wani kiwon tantabaru ne, wata saƙa ce ko ɗinkin hula, wani lambu, wani rubutun allo. Ku tuna abin da yake yi fuskarsa ta saki kafin ciwo, ku nemo hanyar da zai koma masa ko da kaɗan ne. Kada ku ja shi ta hannun da ya shanye idan za ku tayar da shi, kafaɗar takan goce. Idan magana tana masa nauyi, ku jira ya ƙarasa, hankalinsa yana nan. Kuma maganin hawan jini ba a daina shi don an ji sauƙi, domin ciwon yana iya dawowa.

Ba zan ce muku Baba ya warke sarai ba. Har yanzu yatsun dama ba sa iya latsa madanni, kuma da sanda yake tafiya. Amma ya dawo jam'i, yana sallah a kan kujera a ƙarshen sahu. Ranar Juma'ar da ta wuce ya tsayar da ni a ƙofar masallaci ya nuna min hoton fadamar Kwalkwalawa da safe, ya ce, "Liman, duba, wanga bai karkace ba." Yanzu kuma shi da jikansa sun fara jera tsofaffin hotunansa, suna rubuta wuri da shekara a bayan kowanne.

Aikin gida biyu nake ba ku. Duk wanda ya daɗe bai auna jininsa ba, ya je a auna shi a wannan satin. Idan yana kai 140 bisa 90 ko sama, ya ga likita, ko da ba ya jin komai. Sannan wanda ya san wani da wannan ciwo ya kwantar, ya je ya duba shi, ya tambaye shi abin da yake kewa.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya sa abin da ya same su ya zama kaffara, Ya ba masu jinya haƙuri da lada. Wallahu a'alam.

Wassalamu alaikum warahmatullah.