Daga Turu Zuwa Asibiti: Tarihin Kula da Masu Taɓin Hankali

A kasuwar Shinkafi, ko tashar Ƙaura Namoda, ko bakin hanyar Zurmi, mukan ga mutum cikin tsumma yana magana shi kaɗai, yara suna binsa da jifa. Kowane ɗayansu ɗan wani ne, ɗan'uwan wani ne. Ya kamata mu san yadda aka kula da irinsu tun daga dā har zuwa yau.

A ƙasar Hausa, idan mutum ya zautu, akan ce iska ce ko sammu. Sai a kai shi wurin boka, ko 'yan bori, ko malami a yi masa rubutu da tofi. Idan yana duka, a sa masa mari, ko a ɗaure ƙafarsa a turu.

Zuwan Turawa bai kawo sauƙi nan da nan ba. Sun buɗe gidan mahaukata a Kalaba a 1904, da wani a Yaba ta Legas a 1907, amma tsarewa ce kawai, magani kaɗan ne. A nan Arewa, da yawa a gidan yari aka ajiye su tare da ɓarayi. Dokar mahaukata ta 1916, wadda aka sabunta a 1958, ta fi kula da kare jama'a daga mara lafiya fiye da warkar da shi.

Canji ya zo ta hanya biyu. A 1952 likitoci a Faransa suka fara amfani da maganin da ke kwantar da ruɗewar hankali. Sa'an nan a 1954 Dokta Thomas Adeoye Lambo ya kama aiki a asibitin Aro, kusa da Abeokuta. Maimakon kulle marasa lafiya, sai ya sama musu masauki a ƙauyukan da ke kewaye da asibitin, kowa tare da wani danginsa. Da rana su zo karɓar magani, da yamma su koma cikin mutane. An ga suna samun sauƙi, kuma komawa gida ba ta yi musu wuya ba. Sunan Aro ya kai ko'ina, har Lambo ya zama mataimakin shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya a 1973.

Yau akwai asibitin ƙwaƙwalwa na Tarayya a Kware kusa da Sakkwato, da na Barnawa a Kaduna, da kuma na Dawanau a Kano. A Janairun 2023 aka sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin ta 1958, ta kuma ba mara lafiya haƙƙinsa na ɗan Adam. Duk da haka mari bai ƙare ba. A 2019 'yan sanda sun fitar da mutane sama da 300 daga wani gidan mari a Rigasa, Kaduna.

Wannan tarihi ya shafe mu ƙwarai. Hare-haren 'yan bindiga sun bar mutane da yawa a yankinmu cikin firgita da rashin barci, ga kuma tiramol da ke lalata matasa. Idan muka ga ɗan'uwa ya daina ci, ya daina magana, ko yana jin muryoyi, mu hanzarta kai shi asibiti mafi kusa, daga can a tura shi gaba. Mu tafi tare da shi, mu tabbata yana shan magani, gama abin da Aro ta koya mana ke nan: dangi rabin magani ne.

Tambayoyi
1. Mene ne bambancin Yaba ta 1907 da Aro ta 1954?
2. Yaya za mu hana ƙannenmu jifan masu taɓin hankali?