Idan Batirin Motar Rimot Ya Ƙi Aiki

Motar wasa mai rimot abin sha'awa ce, amma batirinta yana da tsada. Sau da yawa idan motar ta tsaya, mukan yanke hukunci cewa batir ya mutu, mu jefar da shi mu sayi sabo. Wani lokaci kuwa laifin yana wurin waya ko caja. A wannan darasi za mu koyi yadda ake bincike mataki-mataki, don kada mu yi asarar kuɗi ko mu jawo gobara.

Da farko mu san abin da ke hannunmu. Abin da muke kira batir ɗaya, ƙunshi ne na ƙananan batura da aka jera, wutar wannan tana bi ta cikin wancan. Kowane ɗaya za mu kira shi ƙwaya. Ana auna ƙarfin wuta da bolt. Ƙwayar batirin nikel, wato NiCd ko NiMH, tana ba da bolt 1.2, saboda haka ƙwaya shida sun zama bolt 7.2. Wani ɗan ƙasar Suwidin mai suna Waldemar Jungner ne ya ƙirƙiro NiCd a 1899. Ƙwayar LiPo kuwa tana ba da bolt 3.7, biyu sun zama 7.4. Nau'in batir da ƙarfinsa suna rubuce a jikinsa, mu karanta kafin mu taɓa komai.

Mataki na ɗaya, mu duba waya da mahaɗi, wato inda batir yake shiga jikin mota. Tsatsa ko sako-sako a nan yana hana wuta wucewa. Idan mahaɗin ya yi zafi bayan gudu, ko robarsa ta fara narkewa, to shi ne mai laifi. Mu goge tsatsar ko mu canza shi. Kada mu yarda jar waya ta taɓa baƙa.

Mataki na biyu, mu duba caja da lokacin caji. Lambar mAh da ke jikin batir tana nuna yawan wutar da yake iya ɗauka. Batirin nikel mai mAh 3000, idan cajarmu tana ba da mA 300, yana bukatar awa 14 zuwa 16 kafin ya cika. Wanda ya cire shi bayan awa uku zai ga motar ta tsaya da wuri, alhali batirinsa lafiya lau yake. Haka kuma batirin nikel yakan zubar da cajinsa a hankali idan ya yi makonni a ajiye.

Mataki na uku, mu ɗauko mitar awon wuta. Ƙunshin nikel mai ƙwaya shida da ya cika zai nuna kamar bolt 8.4. Idan mita ta nuna sifili, akwai wayar da ta tsinke a ciki. Idan ta nuna kamar bolt 7 bayan cikakken caji, mu yi lissafi: 1.4 sau biyar 7 ne, ke nan ƙwaya ɗaya ta mutu. Akwai kuma ƙwayar da take nuna lafiya a zaune, amma da zarar mota ta ja wuta sai ƙarfinta ya faɗi. Don haka mu ɗaga tayoyin sama, mu kunna motar, mu sake aunawa.

Me ya sa ƙwaya ɗaya take tsayar da duka? Hausawa na cewa wake ɗaya shi ke ɓata gari. Tun da wuta ɗaya ce take ratsa su duka, mai rauni ita ce take fara ƙarewa. Idan muka ci gaba da tuƙi, sauran biyar za su tura wuta ta cikinta a baibai, su ƙarasa lalata ta. Saboda haka da mun ga mota ta rage gudu, mu tsaya. Ana iya buɗe ƙunshin nikel a canza ƙwayar da irinta a gaban malami, sai dai sabuwa cikin tsofaffi ba ta cika daɗewa ba.

Batirin LiPo yana bukatar kulawa ta daban. Ƙwayarsa tana cika a bolt 4.2, kuma bai kamata ta sauka ƙasa da 3.0 ba. Yana da ƙaramin mahaɗi na biyu wanda ta nan ake auna kowace ƙwaya. Cajarsa daban ce. Cajar nikel tana iya sa shi ya kama da wuta. Idan ya kumbura, aikinsa ya ƙare. Kada mu huda shi, kada mu sake yi masa caji. Mu ajiye shi cikin bokitin yashi a waje, nesa da ɗakin kwana. Mai lafiya kuwa, idan za a daɗe ba a yi amfani da shi ba, a bar shi a bolt 3.8 kowace ƙwaya.

A ƙarshe, kowane irin batir ne, kada mu bar shi a rana, kada mu yi masa caji yana da zafi, kada kuma mu tafi mu bar shi a kan caja. Wanda ya mutu ba a jefa shi cikin wuta ko kusa da rijiya, musamman NiCd, domin sinadarin kadmiyam da ke cikinsa guba ne. Mu fara da waya, sai caja, sannan mita. Rigakafi ya fi magani.