Banki Ko Ƙungiya? Shawarwari Ga Matasan Kura Da Bunkure

Matashin da ke noman rani da ruwan Tiga a filayen Kadawa, kuɗinsa ba irin na ɗan albashi ba ne. Sai ya yi wata uku aljihu fayau, yana bin taki da maganin feshi, sannan a wayi gari ya kai tumatir kasuwar Kwanar Gafan ko ya sayar wa masu casa na Kura shanshera, kuɗin wahalar duka su zo masa a dunƙule. Inda zai kai su a ranar nan shi ne zancen.

1. Raba kuɗin gida biyu. Na ajiya, wato na aure ko na sayen fili, banki ya fi dacewa da shi. Wanda kake so ya jawo maka rancen taki da iri, kai shi ƙungiyar gama kai. A ganina wanda ya riƙe ɗaya ya saki ɗaya ya cuci kansa.

2. San wanda zai biya ka idan abu ya rushe. Ajiyar banki tana da inshorar hukumar NDIC. Tun 2024 hukumar tana tsaya wa kowane mai ajiya har naira miliyan 5 a manyan bankuna, miliyan 2 a ƙananan bankunan maikurofainans. Da Babban Banki ya soke lasisin bankin Heritage a watan Yunin 2024, ita ce ta shiga biyan masu ajiya. Ƙungiyar gama kai ba ta cikin wannan tsari, balle adashin unguwa. Idan ma'aji ya yi ɓatan dabo, sai dai a je gaban dagaci ko kotu, kuma sau da yawa zumunci ne ke rufe bakin mutane.

3. Wajen rance kuwa ƙungiya ta fi sanin halinka. Banki zai nemi takardu da tarihin shige da ficen asusunka, wani ma ya ce ka fara biya wata-wata alhali shinkafa ko ciki ba ta yi ba. Ƙungiya ta san gonarka, ta san mahaifinka, tana iya jira har girbi. Amma ka yi tambaya tun kafin ka karɓa: idan amfani ya lalace fa? Ba a manta 2016 ba, shekarar da tsutsar tumatir ta cinye gonakin Kano. Ƙwari ba sa cin bashi, yana nan yana jiran mai shi.

4. Kada ka yi zubi sai ka ga abu uku: takardar rajistar ƙungiyar da gwamnatin jiha, littafin da ake karanta wa membobi a taro, da asusun banki da sunan ƙungiya wanda aƙalla mutum biyu ke sa wa hannu. In aka ce kuɗin suna ɗakin shugaba domin shi dattijon kirki ne, yi masa addu'a ka riƙe abinka. Ke ma ƙanwata mai turara shinkafa, uwar adashi ko da gwaggonki ce, a rubuta wa ya zuba, wa zai kwasa.

5. Idan kuɗin ruwa ne ke hana ka shiga banki, akwai bankin Jaiz da ya fara aiki a 2012 da TAJ da ya biyo baya a 2019. Sukan sayi kayan da kake buƙata su sayar maka da ribar da aka yanke tun farko. Ita ma ƙungiya, bincika ko tana ɗora kashi a kan rance.

6. Buɗe asusu da sunanka, da BVN da NIN ɗinka. Da aka kawo shirin rancen manoma na Anchor Borrowers a 2015, ta ƙungiyoyin manoma aka bi, amma sai mai asusu da BVN. Lambar sirrin katinka kuma, ko mai POS ɗin abokinka ne, kai za ka danna.

7. Bar ɗan tsabar kuɗi a hannu na leburori da man inji. A farkon 2023, lokacin canjin kuɗi, masu kuɗi a asusu sun kwana a layi suna neman dubu biyar, tumatir na nuna a gona.