Maganin Ƙwari da Sankarar Nono

Masu lambu na Unguwar Mu'azu da sauran fadamun bakin kogin Kaduna sun san amfanin maganin ƙwari. Amma akwai magungunan da ba a gona suke tsayawa ba, har cikin gida suke bin manomi su tarad da matansa da 'ya'yansa.

A jikin mace akwai wani sinadari da likitoci ke kira istirojin. Shi ke sa nono ya fito, shi ke shirya mahaifa. To, DDT in ya shiga jiki sai ya kwaikwayi wannan sinadari, watau ya zama ɗan aiken ƙarya, yana kai wa nono saƙon da ba a aike shi ba. Ga shi kuwa ruwa ba ya wanke shi, cikin kitse yake maƙalewa shekara da shekaru, har ya bi ruwan nono zuwa ga jariri.

A Kalifoniya ta Amurka an ɗebi jinin mata masu ciki daga 1959 zuwa 1967, aka ajiye. A 2015 aka ba da labarin 'ya'yansu mata. Waɗanda uwayensu ke da DDT da yawa a jini, sankarar nono ta kama su kusan ninki huɗu bisa ga sauran. Binciken da aka yi a kan matan da suka gamu da shi bayan sun manyanta bai nuna haka sosai ba. Ashe ɗanyen jiki ya fi cuta, na cikin ciki da na 'yan mata ƙanana, ɓarnar kuwa sai bayan shekaru masu yawa take bayyana.

Amurka ta hana DDT a gona tun 1972. Yarjejeniyar Stockholm ta 2001 ta taƙaita shi, a 2009 kuma aka haɗa da lindane, wanda manoma suka sani da Gamalin 20. Duk da haka tsohon gwangwani bai san doka ba.

Saboda haka kada a ajiye magani a ɗakin mata ko kusa da madafa. Kada a barbaɗa maganin gona a buhun wake, ga buhun PICS nan mai leda biyu da ke kashe ƙwari ba magani. Wanda ya yi feshi ya wanke tufafinsa da kansa, kada ya miƙa wa mai ciki ko yarinya. Galan ɗin da ya ƙare kuwa a huda gindinsa tun a gona, don kada ya koma gida a zuba mai ko ruwan sha.